Blender a hannun mai koyo: gina kofi da tebur daga akwati da silinda

Blender manhaja ce ta ƙera abubuwa masu tsawo da faɗi da kauri a kwamfuta, kuma kyauta ake sauke ta. Babu kuɗin wata-wata, babu wani sashe da aka kulle sai ka biya. Ni ba sana'ata ba ce, sha'awa ce ta kai ni, kuma abin da na fi yi da ita shi ne ƙananan kayayyaki: kofi, tebur, fensir, kwalba. A kan wannan aikin kaɗai zan yi magana, domin manhajar tana da faɗi ƙwarai, akwai sassanta da ban taɓa shiga ba.

Da ka buɗe ta za ka tarar da akwati guda a tsakiyar fili, da kyamara, da fitila. Akwatin mita 2 ne ta kowane gefe. Idan ka danna Shift da A ka zaɓi Mesh sai jerin siffofin asali ya fito: shimfiɗa, akwati, da'ira, ƙwallo iri biyu, silinda, mazurari, zobe, har da kan biri da ake kira Suzanne, wanda aka tanada don gwada haske da launi. Da farko jerin ya yi mini kaɗan. Da na ci gaba na gane kusan duk abin da ke cikin ɗaki daga nan yake fitowa. Tebur akwati ne da aka danne ya zama falle, da wasu guda huɗu da aka miƙar suka zama ƙafafu. Fensir silinda ce mai gefe 6, an ɗora mata mazurari a baki. Wannan sauyin kallo shi ne babban abin da na samu a Blender, har ya zama idan na ga kwalba, kafin komai sai idona ya raba ta gida-gida: gindi, kafaɗa, wuya.

Kofi ne ya fi nuna mini daɗin manhajar. Silindar da take bayarwa gefe 32 gare ta. Ka danna Tab ka shiga yanayin gyara, inda abu yake rarrabuwa zuwa ɗigo da layi da fuska. Ka zaɓi fuskar sama, ka danna I ta tsuke ciki kaɗan, wannan tazarar ita ce kaurin bakin kofin. Sai ka danna E ka tura fuskar ƙasa, ciki ya rarake. Mariƙi kuwa zobe ne da aka yanke rabinsa aka manna a gefe. Cikin ɗan lokaci abin da ke gabanka ya tashi daga gwangwani ya koma kofin da kowa zai gane. Haruffa uku ne ke ɗauke da rabin aikin: G don matsarwa, R don juyawa, S don ƙara girma ko ragewa. Idan ka bi su da X ko Y ko Z, motsin zai tsaya a hanya ɗaya, kuma kana iya buga adadi kai tsaye, misali R, X, 90. Da hannu ya saba, aikin yana gudu sosai, ba ka ma neman maɓallan da ke kan allo.

Sai dai wannan saurin shi ne kuma wahalar mai farawa. An gina manhajar ne bisa zaton kana da linzamin kwamfuta (mouse) mai maɓalli uku da allon madannai mai ɓangaren lambobi a dama, inda 1 ke nuna gaba, 3 gefe, 7 sama. Mai ƙaramar kwamfutar cinya sai ya shiga saituna ya kunna abin da zai maye gurbinsu, kuma babu abin da zai sanar da shi haka a ranar farko. Shawarata, a nemi linzami na daban tun kafin a fara.

Akwai abubuwa biyu da nake ganin ya kamata a faɗa wa kowa da wuri. Na farko, ƙaramin akwatin zaɓi da ke fitowa a ƙasa ta hagu bayan ka saka siffa, inda ake sauya yawan gefen silinda. Da zarar ka matsar da siffar, damar ta wuce, sai dai ka goge ka sake. Na biyu ya fi ruɗarwa. Idan ka danne akwati ya zama saman tebur kafin ka shiga yanayin gyara, manhajar tana riƙe da ma'auninsa na asali a ɓoye. Sai ka zo dakushe kaifin gefuna da Ctrl da B, ka ga wani gefe ya yi faɗi wani ya yi siriri. Maganin shi ne ka fita daga yanayin gyara, ka danna Ctrl da A, ka tabbatar da sabon ma'aunin. Dakushe gefe ba ado ba ne kawai: a zahiri babu abin da gefensa ke da kaifi ɗari bisa ɗari, kuma wannan ɗan lanƙwasar ce ke kama haske ta sa tebur ya yi kama da na gaske.

Na kuma ji daɗin gyare-gyaren da ake ɗorawa a kan abu ba tare da an taɓa asalinsa ba. Mirror yana kwafe rabi zuwa ɗaya rabin. Subdivision Surface yana raba kowace fuska gida huɗu ya sulɓe ta, don haka akwati mai fuska 6 ya koma 24, sannan 96, sannan 384. A nan ake buƙatar hattara, domin lissafin yana ninkuwa da sauri, kwamfuta mai rauni ta fara nishi. Boolean, wanda ake huda abu da wani abu, shi ne na fi ja da baya da shi. Yana huda rami nan take, amma yakan bar fuskoki masu kusurwa barkatai waɗanda ke ɓata sulɓi daga baya. Wanda huda da haɗawa kawai yake so, musamman don injin buga abubuwa masu kauri (3D printer), Tinkercad na kamfanin Autodesk zai fi masa sauƙi, tunda a burauza yake aiki kuma dukan tsarinsa a kan tudu da rami aka gina shi.

Tarihin manhajar ma yana cikin abin da ya sa nake ƙaunarta. Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, shi ya fara rubuta ta a 1994. Da kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka haɗa Yuro 100,000 cikin mako bakwai aka fanshe ta, aka sake ta ga kowa a watan Oktoba na shekarar. A 2019 fitowar 2.80 ta sauya fuskarta gaba ɗaya, har zaɓen abu ya koma maɓallin hagu maimakon na dama. Saboda haka mai neman darasi a intanet ya duba shekarar da aka yi shi, domin wanda ya girmi 2019 zai nuna masa allon da ba irin nasa ba.

Ina ba da shawararta ga duk mai haƙurin zama ya maimaita abu har hannunsa ya kama. Ya fara da tebur, ya bi da fensir, sannan kofi, ya bar fuskar mutum da mota sai ya iya dakushe gefe ba tare da ya karkace ba.