Sestertius ko ƙananan kwabban zamanin Konstantin?

Masu fara tara tsabar tagullar Rumawa sukan rasa na zaɓa tsakanin biyun nan. Sestertius ƙato ne, ya kai giram 25, ka ɗora shi a tafi ka ji nauyi, fuskar sarkin Rum Hadriyan ko Tarajan ta fito har da gashi, a bayansa kuma akwai SC, wato da izinin majalisar dattawa. Amma fa tsada, kuma nan ne 'yan jabu suka fi yawa, wasu ma kankare tsohon suke yi su ƙara masa zane don ya yi kyau.

Ni dai na fi son ƙananan na sarki Konstantin da 'ya'yansa, araha ne sosai kuma su ne ke koya maka karatu. Duba ƙasan bayan kwabon, haruffan nan su ne garin da aka buga shi, SMAN Antakiya, SMAL Iskandariya, CONS Konstantinoful. Mai rubutun GLORIA EXERCITVS da aka fara bugawa a shekarar 330 miladiyya, sojoji biyu tsaye da tutoci a tsakaninsu, yana ko'ina. In ka ga koren gari yana zubowa daga jiki to ka ware shi, cutar tagulla ce tana cin ƙarfen.