WinSCP da fayawol ɗin pfSense: yadda na same shi a wajen aiki

Jama'a masu harkar netwok, duk wanda ke kula da fayawol (na'urar da ke tsaron netwok) na pfSense kuma har yanzu bai sa WinSCP a kwamfutarshi ba, gaskiya yana shan wahalar da ba dole. Ni a cikin Katsina nake wajen Ƙofar Ƙaura, amma akwai wata cibiyar kwamfuta a Daura da nake kula masu da netwok, irin wadda yara ke zuwa koyon jarabawa a kwamfuta, kuma tsakaninmu wajen kilomita 80 ne, ga kuɗin mota yadda ya koma yanzu, ba zai yiwu saboda fayil ɗaya mutum ya kama hanya ba.

WinSCP manhajar kyauta ce ta tura fayiloli tsakanin kwamfutarka da wata na'ura daga nesa, wani ɗan ƙasar Cek mai suna Martin Prikryl ya fito da ita a shekarar 2000 kuma har yau ana sabunta ta. In ka buɗe allon zai rabu biyu, hagu fayilolin kwamfutarka dama na fayawol, ka ja da linzami ka ajiye ko ka danna F5 shi kenan ya wuce, in gyara za ka yi ka danna F4 fayil ɗin ya buɗe, kana adanawa ya koma can da kanshi. Kafin nan dai sai ka shiga pfSense ta burauza, System, Advanced, ka kunna Secure Shell, wato hanyar shiga na'urar daga nesa cikin tsaro, don a kashe yake zuwa. Sannan wajen shiga ka sa root (asusun da ke da cikakken iko) a matsayin suna da kalmar sirrin admin, ka zaɓi SFTP a matsayin hanyar tura fayil, ƙofa (port) ta 22.

Inda ya fi yi mani rana shi ne ɗauko log, wato fayil ɗin da na'urar ke rubuta abin da ke faruwa. Wata safiya yaron da ke tsaron wajen ya kira ni hankali tashe, yallaɓai kwamfutocin layin baya duk sun ƙi hawa netwok ga ɗalibai sun cika. Na ce Malam ka ba su haƙuri su zauna, na shiga /var/log na jawo dhcpd.log, log ɗin rabon lambobin IP, zuwa kwamfutata, ina buɗewa sai ga layi bayan layi yana cewa babu sauran lambar IP da zai raba, ashe wayoyin mutane ne da suka samu fasuwod ɗin waifai suka cinye lambobin tas. Na faɗaɗa adadin ta burauza, na ce ya kashe su ya kunna, kafin shayina ya huce ya turo mani saƙo cewa duk sun hau. Wallahi ranar na ji daɗi, don yaran nan wasu daga ƙauye suka taso da kuɗin motar da iyayensu suka haɗa da ƙyar.

Wani abin da ya dace da mu, ka san netwok ɗinmu yana iya ɗaukewa kana tsakiyar aiki, to in da SFTP kake jan babban fayil WinSCP zai sake haɗawa ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba sai ka sake ƙona data daga farko ba.

Amma fa batun config.xml ina so a saurare ni da kyau. pfSense a kan babbar manhajar FreeBSD aka gina shi, kuma duk saitinshi, dokokin fayawol da VPN (ɓoyayyar hanyar shiga netwok daga nesa) da masu shiga da komai, a fayil ɗaya suke, /cf/conf/config.xml. WinSCP zai ba ka damar gyara shi kai tsaye kuma ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba, tunda da root ka shiga. Ni ƙa'idata kafin in taɓa shi sai na kwafo shi na sa mashi kwanan wata, bayan gyara in goge /tmp/config.cache, inda na'urar ke ajiye kwafin saitin na wucin gadi, sannan in sake kunna na'urar, in ba haka ba tsohon saitin zai iya ci gaba da aiki ka yi ta mamaki. Kuma abin da za a iya yi ta burauza a yi shi can kawai. Kwafin nan ma kar a bar shi a filashin da ke yawo hannu hannu ko a tura shi a WhatsApp, makullan VPN na ciki. Masu rubuta sikirif a Windows kuma ku kula da alamar ƙarshen layi, ku sa ta LF irin ta FreeBSD, don in ya tafi da CRLF irin ta Windows sai ya ƙi tashi a can alhali a ido lafiya lau yake.

Don Allah kar wanda ya buɗe ƙofa ta 22 ta ɓangaren intanet saboda sauƙi, masu gwada fasuwod ba sa barci. Ni sai na fara haɗa OpenVPN sannan in buɗe WinSCP, kuma da makullin da na haɗa da PuTTYgen, manhajar ƙera makullan shiga, nake shiga. In za ka adana fasuwod a cikin manhajar ka sa mata babbar kalmar sirri tata, musamman in kwamfutar ofis ce da kowa ke taɓawa.

A Windows kaɗai take aiki, masu Linux ko Mac sai su nemi FileZilla ko su buga scp da hannu. Wanda zai sauke ya je winscp.net kai tsaye, ba ta da nauyi ko a tsohuwar kwamfuta.