Wane shamaki za ka saya wa na'urar TEG?

Ɗalibin injiniya a Ƙaura Namoda ko mai gyaran lantarki a Gusau da ke son ɗora na'urar TEG, wato mai juya zafi zuwa wutar lantarki, a gefen murhun gawayi don cajin waya, a kan shamaki ya fi yin asarar kuɗi. Aikin shamakin biyu ne, kuma suna karo da juna: ya tare wutar lantarki, ya bar zafi ya wuce.

Fara da lissafi. Na'ura mai faɗin milimita 40 sau 40 da tagwayen ƙafafu 127 na bismuth telluride (sinadarin da ke samar da lantarkin a cikinta) tana ba da kusan bolt 0.05 a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin fuska mai zafi da mai sanyi. Duk digirin da shamaki ya cinye, wuta ce ta tafi. A ɗauka wat 50 na zafi ke ratsawa.

Farantin tangaran na alumina, farin nan da ke zuwa manne da na'urar, yana wuce da zafi kusan wat 25 a mita a digiri. Mai kaurin milimita 1 bai cin fiye da digiri ɗaya da rabi. Aluminium nitride ya kai 170, asararsa ba ta kai rabin digiri ba, amma tsadarsa ba ta dace da aikin murhu ba. Maika, ma'adinin nan mai ɓarewa falle-falle, tana jure sama da digiri 500, sai dai zafi ba ya ratsa ta da sauƙi: ko mai kaurin milimita 0.1 za ta ci digiri shida. Faifan silikon mai laushi, wanda masu gyaran kwamfuta suka saba da shi, ya kan ci digiri goma a milimita 1, kuma wajen digiri 200 ya fara lalacewa. Wurinsa fuska mai sanyi ne, in ma dole ne.

Shawarata, in na'urarka ta zo da tangaranta lafiya, kada ka ƙara wani shamaki. Abin da kake buƙata shi ne abin cike gurbi. Iska ce babbar abokiyar gaba, domin wat 0.026 a mita a digiri kawai take wucewa da zafi. Rata mai kaurin gashi ɗaya, milimita 0.05, ta isa ta riƙe digiri sittin a wannan lissafin. Man shafawa na zafi ya wadatar a fuska mai sanyi, takardar grafait a mai zafi. Amma wutar lantarki tana bi ta cikin grafait. Yanke shi daidai da farantin, kada gefensa ya lanƙwashe ya taɓa wurin da aka yi wa jar waya da baƙa dalma.

Duba lambar na'urar kafin ka biya. TEC1-12706 ta sanyaya ce, kuma a yawancinsu dalmar ciki tana narkewa a digiri 138. Jikin murhu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Nemi wadda takardarta ta nuna tana jure digiri 250 zuwa 300. Sa malti-mita tsakanin waya ɗaya da ƙarfen da ka ɗaure ta a kai: ya nuna babu hanya. Da damina ka maimaita gwajin, don danshi na shiga ta gefen da ba a toshe da silikon ba.

Masu gwada zane a COMSOL, manhajar kwaikwayon aikin na'ura a kwamfuta, kafin saye su lura da wannan. In ka bar tangaran a cikin sashen Electric Currents ka ba shi sifili a matsayin ƙarfin ɗaukar wutar lantarki, lissafin kan ƙi warwaruwa. Cire shi daga nan, ka bar shi a sashen zafi kaɗai, iyakar za ta zama Electric Insulation da kanta. Sa Ground a ƙarshe ɗaya, Terminal a ɗayan. In bolt ya fito kusan sifili, duba tagullar da ke haɗa ƙafafun, mai yiwuwa ka zana ta a haɗe maimakon gutsi-gutsi. In kuma kwamfuta ta ba ka bolt biyar, murhu ya ba ka uku, to ba ka saka juriyar mahaɗar fuskoki ba, ko ka ɗauki fuska mai sanyi a digiri 25 alhali a watan Afrilu iskar Gusau kanta ta haura 40.