Wata biyu da tabarau mai kyamara a fuskata

Ƙanina ne ya zo mini da shi tsaraba daga Dubai. Ba za ka bambanta shi da baƙin gilashin da samari ke sawa ba, sai ka matso sosai ka ga ɗan ido kamar ƙwayar wake a kusurwa. Ka taɓa maɓalli a hannunsa ya ɗauki hoto, ka danne ya kama bidiyo. Caji yana kai ni kamar awa huɗu, akwatinsa kuma shi ke sake cika shi. Da rana hoto tsaf, da magariba ta yi sai a hankali.

Ranar da 'yata ta fara tatata, hannuwana biyu a miƙe ina jiran ta faɗo jikina, ga shi kuma na kama komai. Da waya ce, kafin in zaro ta ai yarinya ta zauna. Hirar Baba ma haka: mutumin da in ya ga waya sai ya gyara hula ya koma jawabi, na samu labarin fataucinsa na goro da muryarsa ta gaske. Daga baya na gaya masa, ya yi dariya ya ce in ajiye wa jikoki.

Sai dai abin da ya sa Baba ya saki jiki shi ne ya ja mini abin kunya. In mutum ya ɗaga waya, kamar ya yi sallama ne. Mace ta samu daƙiƙa biyu ta ja mayafi, mai cin tuwo ya goge baki, wanda ba ya so ya kau da kai. Tabarau ya cinye waɗannan daƙiƙu. Akwai ɗan farin haske da ke kunna kansa idan ana ɗauka, amma a ranar Kano ta azahar wa zai lura? Wanda ya lura ma bai san ma'anarsa ba. Tun 2013 aka yi wannan rigima a Amurka kan Google Glass, tabarau mai kyamara na kamfanin Google, har wasu gidajen abinci suka hana shiga da shi. A 2024 kuma wasu ɗaliban jami'ar Harvard biyu suka haɗa tabarau mai kyamara na Ray-Ban Meta da manhajar gane fuska, suna kallon baƙo sunansa da adireshinsa na fito musu a waya.

Ni nawa abin kunyar a bikin 'yar yayata ne. Na shiga cikin gida kai goro, na manta ina ɗauka tun daga zaure. Mata ana ta lalle, wasu ko ɗankwali babu, Gwaggo na tsakiyar faɗa kan kayan gara. Wani yaro ne ya tona ni: "Kawu, gilashinka yana wuta!"

Gwaggo ta dube ni. "Kai Malam, da idon naka kake ɗaukar mu?"

"Wallahi Gwaggo mantuwa ce."

"Mantuwa? To goge shi a gabana."

Na goge tana kallo. Duk da haka matan ba su koma hira ba sai da na fita.

Ga mai gyaran inji ko mai koyar da girki da ke bukatar hannu biyu, kuɗinsa bai faɗi ba. Ni dai yanzu a mota nake barin shi in zan shiga gidan mutane ko masallaci. Gwaggo kuwa har yau sai ta ƙare wa fuskata kallo kafin ta amsa sallamata.