Tafiyar kwarin Urika daga Marakesh: yaron dutse ya kyauta mana, kamfanin bai kyauta ba

Zan fara da yaron, domin ba don shi ba da wannan sharhi bai wuce layi ɗaya ba: ku riƙe kuɗinku.

A watan Afrilu muka je Marakesh ta ƙasar Maroko, ni da uwargida da mahaifiyata. Hajiya ta haura sittin, gwiwarta ta dama ta daɗe tana damunta, amma ba mace ce da za a bari a ɗakin otal ba. Da muka kwana uku a garin sai muka yanki tafiyar nan ta yini guda da duk wanda ya zagaya dandalin Jami'ul Fana ya ga hotunanta a ƙofar shaguna: kwarin Urika, magangarar ruwa ta Sitti Fatma, ƙauyukan Barbar, wato mutanen tsaunukan yankin, sannan a ɓulla ta kwarin Asni a hango dutsen Tubkal. Kafin in biya sai da na tambayi mutumin kamfanin ta WhatsApp, ba sau ɗaya ba, na ce da tsohuwa muke, za ta iya? Ya ce ai tafiya ce ta shan iska, ƙananan yara ma suna yi. Saƙon yana nan a wayata har yau.

Wallahi ba shan iska ba ce. Mota tana ajiye mutane a ƙauyen Sitti Fatma, kimanin kilomita 60 daga Marakesh, daga nan sai ƙafa. Za ka tsallaka kogi a kan gadar katako mai lilo, ka ratsa rumfunan masu tsaraba, sai hanya ta ƙare duwatsu su fara. Magangarun bakwai ne, kowace a saman 'yar'uwarta. Yawancin baƙi a ta farko suke tsayawa, ita ma sai ka yi fiye da rabin awa kana hawa, wani wurin da hannu da ƙafa. Afrilu kuwa lokaci ne da ƙanƙarar kan tsaunukan Atlas ke narkewa, ruwa ya cika, feshinsa ya jiƙe duwatsun sun yi santsi kamar an goga musu sabulu.

Jagoran kamfanin ko gadar bai tsallaka ba. Ya tara mu, mu goma sha huɗu, ya nuna wani siririn saurayi da bai fi shekara ashirin ba, ya ce wannan zai hau da ku, in kun sauko kowa ya sallame shi, ni ina jiranku a gidan abinci. Nan raina ya fara ɓaci, don an ce mana kuɗin da muka biya har da na jagora. Na ɗauki yaron abokin haɗin bakinsu ne, na ɗaure masa fuska, ko gaisuwarsa ban amsa da kyau ba. Allah ya yafe mini, na zalunce shi a zuciyata.

Turawan da muke tare, da takalmansu na hawan dutse, nan da nan suka yi gaba. Na ce, "Hajiya, ki zauna a rumfar nan ki sha lemo, mu je mu dawo." Ta ce, "Ban taso tun daga Kano don in zauna a rumfa ba." Muka yi kamar minti ashirin lafiya lau, a hankali, tana dafa ni. Sai muka zo wani wuri da dutse ya tsage, ruwa yana bi ta tsakiya da ƙarfi, dole sai an ɗaga ƙafa an taka wani dutse mai tudu kafin a haye. Hajiya ta sa ƙafa ɗaya, ta yunƙura, gwiwar ta ƙi. Ta tsaya cak a tsakiya, gaba ba dama, baya ba dama. Mutane sun yi layi a bayanmu, har ina jin tsaki. Ni ina ƙasa da ita, ba inda zan kafa ƙafa in tallafe ta, uwargida kuwa sai salati take yi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, don in ta zame ba abin da zai tare ta sai dutse.

Ban ga saukowar yaron ba. Kawai na gan shi ya diro cikin ruwan har gwiwa, ruwan da ko yatsa ka tsoma sai ka ji sanyinsa a ƙashi. Ya kafa ƙafafunsa, ya jawo hannun rigarsa ya rufe tafinsa, sannan ya miƙa mata. Wannan jan rigar na lura da shi, kuma ya nuna mini irin gidan da ya fito. Ɗan Turancinsa ya ƙare, Larabcin ma ya ɓace masa, sai ya ce da harshensu, "Afus, lalla, afus." Kafin in gane abin da yake nufi Hajiya ta riga ta ba shi hannu. Ya durƙusa da ƙafa ɗaya a cikin ruwan, ya bugi cinyarsa ya ce, "Adar." Ta ɗora ƙafarta a kan cinyar, ta taka kamar matakala, ta haye.

Da muka samu wuri muka zauna, tana haki, sai ta dube shi, ta nuna ruwan ta ce, "Aman?" Yaron ya yi turus yana kallonta. Ya dube ni, ya sake dubanta, ya ce, "Aman!"

Hajiya haifaffiyar Agadas ce, aure ne ya kawo ta Kano. Cikin Buzaye ta tashi, ta iya Buzanci tun tana yarinya, sai dai mu 'ya'yanta ba mu cika jin ta yi shi ba sai in baƙi sun zo daga can. Mutanen nan da ake kira Barbar, kada a rikita su da Barebarinmu na Barno, su Imazigen suke kiran kansu, kuma na wannan yanki Tashalhit suke yi, harshen da yake dangi ɗaya da na Buzaye. Ba hira suka yi ba, harsunan sun yi wa juna nisa. Amma afus hannu ne a nan da can, adar ƙafa ce, aman ruwa. Suka zauna a kan dutse tana nuna ido, tana nuna kai, tana faɗa yana faɗa, in kalma ta zo ɗaya su yi dariya, in ta saɓa ya girgiza kai ya faɗi tasu. Da ta ce masa "tanammert", wato na gode, ya dafa ƙirji ya mayar mata da nasu lafazin, "tanmirt". Na ga Hajiya ta ja gefen mayafi ta goge ido. Daga baya ta ce mini rabon da ta ji kalmar afus tun rasuwar kakarmu.

Tun daga nan bai sake rabuwa da mu ba. Ya sare wa uwargida sanda, ya riƙa hawa da gudu ya duba sauran mutanen ya dawo. Muka isa magangara ta farko. Ruwa fari fat yana zubowa daga sama cikin wani ɗan tafki, ƙararsa ba ta bari ka ji maganar na kusa da kai, ga masu lemon zaƙi sun jera kwalabe sun jawo ruwan dutsen da tiyo yana kwarara a kansu, shi ne firijinsu. Wuri ne mai kyau, ban musa ba, amma cike yake da mutane, ko hoto sai ka jira.

Da za mu sauko ya ce ba za mu bi ta inda muka hau ba. Ya bi da mu wata hanya mai ɗan nisa amma ba santsi, ta gefen tsauni, kuma a nan ne muka ga abin da muka biya kuɗi don mu gani. Kwarin duka a shimfiɗe a ƙarƙashinmu, gonaki hawa-hawa an tokare su da duwatsu, ruwa yana bin ƙananan magudanai daga gona zuwa gona, gidajen jar ƙasa masu rufin soro sun manne a jikin dutse har ba ka bambance su da shi sai ka ga hayaƙi ko shanya. Wata mata ta wuce mu da damin ciyawa a bayanta wanda ya fi ta girma. Ya nuna mana wani bango da ya tsage tun daga sama har ƙasa, ya ce girgizar ƙasa ce, ta daren Juma'a 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000, akasarinsu a ƙauyukan waɗannan tsaunuka. Ya ce daren nan a waje suka kwana, da darare da yawa bayansa.

Na tambaye shi inda za mu yi azahar, don jagoran kamfanin ko sau ɗaya bai ambaci salla ba. Ya kai ni wani ɗan masallaci, ya kai su Hajiya gidan gwaggonsa da ke kusa. A masallacin na ga alluna jingine da bango, rubutun irin namu na makarantar allo, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, fa ɗigo a ƙasa, Warshu sak. Dattijon da na tarar yana salla hannunsa a sake yake, irin na dattijan unguwarmu, su ma mazhabar Malikiyya suke bi. Da na je ɗauko su Hajiya na tarar an kawo musu shayi mai na'a-na'a da burodin gida da man zaitun a ɗan kwano. Na ciro kuɗi, matar ta ɓata rai ta ture hannuna.

Har zuwa nan, da an ba ni waya, taurari biyar zan danna ba tare da tunani ba.

Muka sauko a makare da kamar minti ashirin da biyar. Jagoran kamfanin ya taso daga kujerarsa ya rufe yaron da faɗa a gaban kowa, yana nuna shi da yatsa, yaron wandonsa a jiƙe har lokacin, kansa a ƙasa. Sannan ya juyo ya gaya wa sauran mutanen motar cewa ba za a je Asni ba, saboda wasu sun ɓata lokaci. Kowa ya juyo yana kallon Hajiya. Tsohuwar da aka yi wa ƙarya aka ce hanya mai sauƙi ce, ita aka ɗora wa laifi.

To bari in faɗi wanda ya ɓata lokaci. An ce mu fito ƙarfe takwas, mota ba ta zo ba sai kusan tara. Muna fita gari aka tsaya wajen raƙuma a gefen titi don masu son hoto. Daga nan aka kai mu shagon man argan da suke cewa ƙungiyar mata ce. Mata uku suna zaune a ƙasa suna fasa ƙwallon da dutse, an nuna mana su minti biyar, sauran fiye da awa guda duk ciniki ne, jagoran yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon wanda ya saya da wanda bai saya ba. Itacen argan ɗin ma ba a kwarin nan yake fitowa ba, na yankin Sus da Isawira ne, kawo ƙwallon ake yi. Amlu ɗin da suka ɗanɗana mana, wato man argan da zuma da niƙaƙƙen almon, yana da daɗi, na saya, daga baya na gan shi a cikin gari da araha sosai. Aka sake tsayawa wajen masu tukwane. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kasuwa. Da gangan na zaɓi ranar Litinin, domin ran nan ce kasuwar Tinin Urika take ci, sunan garin ma daga ranar kasuwar ya samo asali, kuma Hajiya ta fi son ganin kasuwar ƙauye a kan komai. Muka wuce ta gefenta, ga alfadarai a ɗaure, ga mutane da buhuna, na roƙe shi ko minti goma, ya ce ba ta cikin tsari. Shagon da zai sami kamasho yana cikin tsari, kasuwar mutanen gari ba ta ciki.

Abincin rana ma ba mu muka zaɓi wuri ba. An jera tebura a bakin kogi, wasu ƙafafunsu a cikin ruwa, abin sha'awa ne, duk da na kasa sakin jiki bayan yaron ya ba ni labarin ambaliyar Agustan 1995 da ta share wannan kwari ta ci rayuka masu yawa. Tajin ɗin kaza da zaitun, dahuwarsu ta gargajiya, ya zo da zafinsa a kaskon ƙasa, ba laifi, amma kuɗinsa ya ninka na cikin Marakesh, kuma ba a faɗa mana farashi ba sai da muka gama ci. Hajiya ma kaɗan ta taɓa, ranta ya riga ya ɓaci. Tubkal kuwa, dutsen da ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167, wanda hotonsa ne a saman tallarsu, ba mu gan shi ba. A hanyar dawowa jagoran ya nuna wani tsauni ta taga, bai ko ce a rage gudu ba.

Na yi niyyar ba su taurari huɗu saboda yaron, amma da na zauna rubutu na tuna ba ma'aikacinsu ba ne, ko sisi ba su biya shi ba, mu muka biya shi, su kuwa zagi suka ba shi. Biyu zan ba su, kuma ko su ina jin na yi musu alfarma. Wanda zai je da tsoho ko mai ciwon ƙafa, kada ya yarda da zancen shan iska. Ya ɗauki shatar mota ya tafi da sassafe, ya sa takalmi mai riƙe ƙasa, ya nemi jagora ɗan ƙauyen a can Sitti Fatma, ya yi ciniki da shi kai tsaye, ya ce a sauko da shi ta hanyar gefen tsauni.

Kafin mu shiga mota na ja yaron gefe na ba shi abin da ya sawwaƙa, na nemi gafararsa kan ɗaure fuskar da na yi masa. Hajiya ta kira shi ta ce, "Zo nan, ɗan nan," ta ciro carbinta na Madina ta danƙa masa, ta yi ta sa masa albarka da Hausa yana cewa amin. Washegari kamfanin ya turo saƙo yana roƙon taurari biyar. Na mayar musu da hoton saƙonsu na farko, wanda suka ce ƙananan yara ma suna yi. Sun karanta, har yau ba su amsa ba.