Arctic P12 ko Noctua NF-A12x25: ga abin da kunnena ya ji

Ɗan'uwa, tsakanin fankokin sanyaya kwamfuta Arctic P12 da Noctua NF-A12x25 da ka tambaya wacce za ka saya, ɗauki P12, fakitin nan mai guda biyar, ka huta.

P12 ɗin nake amfani da su yau shekara uku ke nan. Kafin su na yi wautar sayen wasu fankoki marasa suna masu fitila kala-kala. A shago sun ɗauki idona, ja, kore, shuɗi, kamar gidan biki. Ko bazara ɗaya ba su ƙetare ba. Zafin Afrilu na shigowa man da ke cikin gindinsu ya bushe, suka fara gurnani kamar injin markaɗe, har mai ɗakina ta ce ko dai in kashe kwamfutar da dare ko in mayar da ita zaure. Ga shi ba a iya rage musu gudu, don kai tsaye suke shan wuta, ba ta madabod ba, wato babban allon da ake jona kayan kwamfuta a kansa.

Ranar da na saka P12 na jira sai wajen ƙarfe ɗayan dare, maƙwabta sun kashe janareta, na kashe fankar sama, sannan na kunna. Wallahi sai da na sunkuya na leƙa ta raga don in tabbatar suna juyawa. Na kunna turaren tsinke na kara shi gaban akwatin. Hayaƙin ya miƙe siriri ya shige ciki, ya bi ta kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya fito ta baya. Da tsofaffin nan kuwa, hayaƙin kewaye yake yi a bakin ragar kamar mai neman ƙofa.

A nan maganar take. Adadin iskar da ake rubutawa a kwali an auna shi ne fanka tana fili, babu abin da ya tare ta. Mu kuma da ƙurar hunturu dole mu sa ragar tace ƙura a gaba, kuma cikin sati biyu ta toshe. Saboda haka abin dubawa shi ne ƙarfin tura iska ta cikin matsi. An ƙera P12 don wannan aikin: fukafukai biyar masu faɗi, girmanta milimita 120, tana kai juyi 1800 a minti, tana tura iska kusan CFM 56 (CFM shi ne ma'aunin yawan iskar da fanka ke turawa a minti). Mai fil huɗu a bakin wayarta za ka nema, wato PWM, irin wadda ake iya sarrafa gudunta, don ka shiga BIOS, shafin saitin madabod, ka tsara mata gudu gwargwadon zafi. Idan ka samu irin P12 da aka rubuta wa PST, ana jona ɗaya a jikin ɗaya, mahaɗa guda a madabod ta ishe su.

Noctua kam ba a ƙi ta ba. 'Yan Ostiriya ne, tun 2018 suka fitar da ita, juyi 2000, CFM 60, garantin shekara shida, kuma muryarta tana da laushi. Amma kuɗin guda ɗaya ya kusa sayen fakitin biyar ɗin can, ga launin ƙasa-ƙasa kamar kunun kanwa.

Kada ka wahalar da kanka da gwada lambobin ƙara na kwali. Noctua ta rubuta desibel 22.6 (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne), Arctic kuma da wani ma'auni daban take rubutawa, sone 0.3, kowa da ɗakin gwajinsa. Sauke manhajar auna ƙara a waya, ka ajiye wayar wuri ɗaya, nisa ɗaya, ka gwada kowace fanka ita kaɗai. Ba lambar kanta za ka riƙe ba, don makirfon ɗin waya ba na awo ba ne. Bambancin za ka duba. Ƙarin desibel goma a kunne kamar an ninka ƙarar ne. Sannan ka riƙa ɗaga gudun a hankali kana saurare, domin fanka takan samu wani gudu da take ɗan ruri a kansa. In ka gano shi sai ka tsallake shi a BIOS.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da 'yan kasuwa. Akwai masu ciro fanka daga tsofaffin kwamfutoci, su wanke da burushi, su manna sabuwar sitika su ce maka dal ce. Ƙirga fil ɗin da idonka, huɗu ne ko uku. Juya fukafukin da yatsa, in ya yi rawa ko ka ji ƙis-ƙis, ajiye masa kayansa. Wanda ya ce maka yana da Noctua a rabin kuɗi kuma babu kwali, yi masa sallama. Kuma kada ka biya sai an jona ta a gabanka ka kara kunne.

Uku a gaba suna shigar da iska, ɗaya a baya tana fitarwa, ta biyar ka ajiye ta a durowa. Ragar kuma a kakkaɓe ta duk Juma'a har hunturu ya wuce.