Farin kaki ko kakin zuma: wanne ya dace da kyandir mai ƙamshi a zafinmu?

Ƙanwata da kika yi tambaya daga wajen Birnin Kudu, kin ce kina son fara yin kyandir na ado mai ƙamshi a gida, don ɗakinki da kuma gudummawar amare, amma kin rasa wanda za ki kama: farin kakin da ake sayarwa a kasuwa, ko kakin zuma da za ki iya samu wurin ƙanin maigidanki mai amya, ko kuwa na waken suya da kike gani a bidiyo. Amsata ita ce, in ƙamshi kika sa a gaba, ki fara da farin kaki a cikin kofi. In kuwa kyandir kike so wanda zai tsaya da kansa a kan tire, ya ga bazara bai sunkuya ba, kakin zuma ya fi. Na waken suya ki ɗaga masa ƙafa tukuna.

Abin da masu koyarwa a bidiyo ba sa ambata, don ba damuwarsu ba ce, shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, kuma kin san yadda ɗaki mai rufin kwano yake da azahar. Kakin zuma ba ya narkewa sai ya kai digiri 62 zuwa 64. Farin kaki, wato farafin, daga ɗanyen man fetur ake tace shi, kuma iri-iri ne: akwai mai narkewa tun wajen digiri 46, akwai mai kaiwa 68. Kaki kuma yana laushi tun bai kai ga narkewa ba, shi ya sa kyandir ɗin kanti yake lanƙwashewa in an manta da shi a bakin taga. Don haka in za ki sayi farafin, ki duba jikin buhu ko kwali, ki nemi wanda aka rubuta 58/60, wato mai narkewa a digiri 58 zuwa 60. In mai shago ya yanko miki daga wanda ba shi da shaida, ki danna shi da farce. Wanda ya lotsa nan da nan ya bar maiƙo a yatsa, na cikin kofi ne kawai, ba zai tsaya shi kaɗai ba. A nan kakin zuma ya yi wa farafin nisa.

Da an zo ƙamshi kuwa, sai lamarin ya juye. Farafin ba shi da warin kansa, kuma yana sakin turare sosai in wuta ta kama. Kakin zuma yana zuwa da nasa ƙamshin, na zuma, sau da yawa har da ƙaurin hayaƙin da aka kori ƙudan da shi ranar cira. Wannan ƙamshin ni ina sonsa ƙwarai, amma yana danne duk wani turare mai sanyi irin na furanni ko na lemo. Abin da yake tafiya da shi su ne masu nauyi: sandal, al'ud, kirfa, kanumfari. Ko da su ɗin ma, ba ya watsa ƙamshi ya cika ɗaki yadda farafin yake yi.

Ki lura da irin turaren da za ki zuba, domin a nan ne yawancin masu farawa suke asarar kaki. Humra da turaren fesawa ba sa shiga kaki, saboda akwai ruwa ko sifirit a cikinsu. Ruwa yana kwanciya a ƙasa ya sa kyandir tartsatsi, sifirit kuwa abokin wuta ne. Madarar turare ake nema, mai zalla. Ita ma wata an sirka ta da abin da ba ya gauraya da kaki, don haka kafin ki zuba a tukunya ki ɗibi narkakken kaki cokali guda, ki ɗiga mata, ki juya. In ta ɓace a ciki, ta yi. In ta taru ɗigo-ɗigo a ƙasan cokali, ki bar ta ga tufafi. Garin turaren wuta ma kada ki barbaɗa a ciki, ko busassun furanni kusa da lagwani, duk da kyan da suke yi a hoto: garin yana toshe lagwani, furannin kuma suna kamawa da wuta.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kam kada ki dogara da ido. Giram 6 na turare ga kowane giram 100 na kaki shi ne awon farawa, wato giram 60 a kilo ɗaya, kuma kada a haura 10 cikin 100. In ya yi yawa, kakin ba ya iya riƙe shi, sai ki ga kyandir yana gumi, wutarsa tana baƙin hayaƙi. Ƙaramin sikeli irin na masu yin kek ya wadatar. Ana zuba turaren bayan an sauke kaki daga wuta, yana wajen digiri 80 zuwa 85, a yi ta juyawa a hankali kamar minti biyu. Daga nan sai haƙuri: kyandir ɗin farafin yana son kwana uku zuwa biyar a rufe kafin a kunna, na zuma ya fi son mako ɗaya ko biyu.

Kada kuma ki sa rai kyandir zai maye gurbin kasko. Hayaƙin turaren wuta yana kama labule da zanin gado ya kwana. Ƙamshin kyandir a iska yake, yana tafiya jim kaɗan bayan an kashe. Amfaninsa daban ne: haske mai laushi da ƙamshi marar hayaƙi, musamman ga wadda hayaƙin gawayi yake tayar wa da tari ko ciwon kai.

Ta wajen samu da wahala, farafin sai an shiga Kano, wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa a Sabon Gari, ga kuɗin mota ga na kaya. Amma don koyo ba sai kin je ba. Fararen kyandir na kanti farafin ne. Ki kakkarya su, ki zare lagwanin, ki narkar. Da su za ki koyi hannu ba tare da kin ji zafin asara ba.

Kakin zuma kuwa, tunda kuna da mai amya a gida, kin fi mu sa'a. Abin yana damuna in na ga an matse zuma an watsar da saƙar a bayan gida, alhali ƙudan zuma sai sun sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su fitar da kilo ɗaya na kaki. Dukawa sun daɗe da sanin darajarsa, da shi suke murza zaren ɗinkin fata. Ki roƙi ƙanin maigidan ya riƙa tara miki saƙar, ya ware fara da baƙa, domin tsohuwar saƙa da aka yi 'ya'ya a cikinta kakinta kaɗan ne kuma duhu gare shi. Ki wanke ta da ruwa har zaƙin ya fita, in ba haka ba tururuwa za su riga ki. Ki ɗaure ta a tsumma mai tsabta, ki sa a tukunyar ruwa, ki danne da dutse, ki hura wuta kaɗan-kaɗan. Kakin zai tsattsafo ya taso sama kamar yadda man shanu yake tasowa a kan nono. Ki sauke, ki bar shi ya kwana. Da safe za ki ɗago faifan kaki, ki kankare dattin da ya manne a ƙasansa. Sai an maimaita sau biyu ko uku, ana tacewa, kafin ya isa kyandir, domin ɗan dattin da ya rage shi ne yake shaƙe lagwani. Ruwan sama ya fi ruwan rijiya mai kanwa-kanwa, wanda yake ɓata ƙasan kakin ya mai da shi dusa-dusa. Tukunyar baƙin ƙarfe tana baƙanta shi, ki yi da ta dalma ko ta silba, kuma kada ki bari ya wuce digiri 85, launinsa yana dafewa. Aiki ne na yini guda, amma kuɗinki yana aljihu, kuma kin san abin da ke cikin kakinki. Wanda ake saye a dunƙule wani lokaci an sirka shi da farafin. Na gaskiya in kin murza ɗan guntu a tafin hannu yana laushi ya miƙe, ba ya marmashewa.

Wajen ado kowanne da inda ya fi. Farafin fari ne, duk launin da kika ba shi yana fitowa tas, ja ko shuɗi ko ruwan hoda, wanda zai dace da kayan ɗakin amarya. Sai dai launin ya zama na mai, wanda aka yi don kaki. Kalar abinci ta ruwa ba ta shiga, kalar zanen yara kuma tana toshe lagwani. Aibinsa shi ne yana tsukewa in ya huce, ya bar rami a tsakiya, don haka ki rage ɗan kaki a gefe ki cike ramin daga baya. Wannan tsukewar ce kuma take sa ya fita daga mazubi cikin sauƙi. Kakin zuma rawaya ne zuwa ruwan ƙasa, in kin sa masa shuɗi sai ya koma wani kore marar kyau. Ni dai ban ga dalilin rina shi ba, launinsa na asali ya isa ado. Yana fitar da zane mai kyau in an zuba shi a mazubin silikon irin na kek, amma yana manne wa na ƙarfe sai an shafa ɗan mai. A cikin kofi shi kaɗai yakan tsage, shi ya sa ake sassauta shi da ɗan man kwakwa. Amma da zarar kin yi haka kin rage masa juriyar zafin da ta sa muka zaɓe shi.

Lagwani ma ba ɗaya ba ne. Dole ya zama zaren auduga zalla da aka kitsa, ba mai roba a ciki ba. Kakin zuma yana da kauri in ya narke, ba ya hawa zare da sauƙi, don haka yana son lagwani mai kauri fiye da na farafin a kofi mai faɗi ɗaya. In lagwani ya yi siriri, wutar za ta haƙa rami ta nutse. In ya yi kauri, sai hayaƙi. Ki tsoma zaren a kaki ya sandare kafin ki kafa shi, ki riƙe kansa da tsinke biyu a bakin kofi, sannan ki datse shi ya rage kamar rabin santimita kafin kowace kunnawa. Maganar da ake yaɗawa cewa kyandir ɗin zuma yana tsarkake iska ba ta da hujja. Abin da yake gaskiya shi ne ya fi farafin daɗewa yana ci, kuma kowane irin kyandir yana baƙanta bango in lagwaninsa ya yi tsawo.

Na waken suya ba a yin sa a gida. Ba daga waken awara za ki matso shi ba. Man waken ne ake sarrafawa a masana'anta har ya daskare, kuma a Amurka aka fara shi a shekarun 1990. Wanda ake yi don kofi yana narkewa tun wajen digiri 50, ga tsada don daga waje yake zuwa. A ɗakin kwano da bazara zai yi ta gumi.

Duk wanda kika zaɓa, ba a ɗora kaki kai tsaye a wuta. Ki sa shi a gwangwani, ki sa gwangwanin a tukunyar ruwa, kuma gawayi ya fi itace don harshen wuta ba ya tashi. In ya kama, Allah ya kiyaye, kada ki zuba ruwa, zai fantsama ne. Ki kife murfi a kai ko ki zuba yashi. Na san za ki yi sha'awar zuba shi a ƙoƙo mai zane ko ƙaramin kaskon ƙasa don su ne adonmu, amma ƙwarya tana ci da wuta, kaskon da ba a yi wa sheƙi ba kuma yana tsotse kaki har shi kansa ya zama lagwani. Kofin tangaran, gwangwani ko gilashi mai kauri su ne lafiya. Gidajenmu ga zana, ga dangar kara, ga gidan sauro, ga yara suna kai-kawo, don haka kada a bar kyandir yana ci babu babba a ɗakin, kada kuma ya wuce awa huɗu a kunne.

In da hunturu za ki fara, ki ɗumama kofin kafin ki zuba, sannan ki kife kwali a kai ya huce a hankali, don sanyin asuba yana tsaga kaki, ƙura kuma tana manne wa samansa. Idan hannunki ya faɗa da farafin ɗin kanti, ki gwada haɗa kashi tara na farafin da kashi ɗaya na kakin zumanku. Yana ƙara masa ƙarfi da daɗewa ba tare da ya danne turaren ba. Kuma kafin ki kai wa amarya, ki yi guda biyu daga haɗi ɗaya: ki kunna ɗaya har ƙarshe ki ga yadda lagwanin yake ci, ɗayan ki ajiye shi mako guda a ɗakin da ya fi zafi a gidanku.